Ta Ina Buhun Indiya Ya Biyo Zuwa Jibiya?

A Jibiya, shinkafar waje ta arewa take shigowa. Duk wanda ya taɓa kallon taswira ya san akwai abin dubawa a nan. Teku a kudu yake, tashoshin jiragen ruwa na Legas da Fatakwal a kudu suke. Abin da ke gaba da Jibiya kuwa shi ne Magama, sai Ɗan Isa, sai Maraɗi, ƙasar gero da wake da aya, daga nan rairayi ya yi ta ƙaruwa har Agadas. Amma shekara da shekaru, buhu mai kilo 50 ko 25 wanda aka rubuta a jikinsa cewa a Indiya ko Tailan aka cika shi, ta wannan ɓangaren yake ɓullowa, a bayan babur ko a cikin tsohuwar mota da aka cire wa kujerun baya, ya kwana a Katsina, ya wayi gari a Kano. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne kuɗinsa. Bayan ya ratsa teku, ya hau tirela, ya sallami duk wanda ya tare shi a hanya, yakan iso kasuwa ya yi gogayya da shinkafar da aka noma a Kura ko Haɗejiya, wani lokaci ma ya fi ta sauƙi. Ruwa ba ya tsami banza.

Zargin farko da zai zo wa mutum shi ne ko shinkafar Nijar ce ake zubawa a buhunan Indiya. Wannan zargin ba ya nisa. Nijar na noman shinkafa, amma a bakin kogin Kwara ne, wajajen Tilaberi da Yamai da Gaya, kuma abin da ake samu ba ya isar mutanen ƙasar, su ma sai sun cika da ta waje. Jihar Maraɗi ba ƙasar shinkafa ba ce. Ke nan abin da ke fitowa daga sitocin Maraɗi baƙo ne a can kamar yadda yake baƙo a nan.

Sai a bi sawunsa baya. Kafin rikicin juyin mulkin Nijar na 2023, hanyar a bayyane take. Jirgi ya sauke a Kwatano, babbar tashar Jamhuriyar Binin. A takarda an rubuta kayan Nijar ne, ratsawa kawai za su yi, don haka ba a ɗora musu harajin da ake ɗora wa kayan da za a ci a Binin. Tirela ta ɗauka ta miƙe arewa ta Paraku, ta haye gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya, ta kai Doso, ta karya gabas ta Birnin Ƙonni, ta tsaya a Maraɗi. Tafiyar sama da kilomita 1,000 ce. Daga Maraɗi zuwa Jibiya kuwa kimanin kilomita 50 ne, kuma a nan ne tirela ke ajiye aikinta, ƙananan motoci da babura su karɓa, buhu uku, buhu biyar, ta hanyoyin daji da ba su da iyaka.

Ba yau aka fara ba. Maraɗi dai garin Katsinawa ne, sarakunan Haɓe da suka bar Katsina bayan jihadi su suka kafa shi, kuma har yau sarautar Sarkin Katsina ake kiran sarautarsa. Iyakar da Turawan Ingila da Faransa suka shata ta raba gonaki da dangi, amma ba ta raba kasuwa ba. A lokacin yaƙin basasar Najeriya, daga 1967 zuwa 1970, da hanyar kudu ta toshe, Alhazan Maraɗi suka gane cewa ana iya sayo kaya ta Kwatano ko Lome a kawo su arewa, sannan a tura su Kano da Katsina. Taba sigari da atamfa ne suka fara arzuta su. Shinkafa daga baya ta gaji hanyar, da dillalanta, da sitocinta, da 'yan canjin sefa da nairarta.

To, wa ya tabbatar cewa tun daga Indiya an san Najeriya za ta zo? Shaidar tana cikin buhun. A kwance bakinsa a ɗebo tafi ɗaya. Ƙwayar doguwa ce, mai tauri, launinta ya ɗan ja zuwa ruwan zuma. Gumammiya ce, wato an jiƙa ta tun tana samfarera, an turara ta, an busar, sannan aka cashe. Irin wannan shinkafar ce ke dahuwa warwar, ita mutanen Najeriya ke so don dafa-duka da shinkafa da miya. Mutanen Binin kuwa farar shinkafa da ba a guma ba suka fi ci. Amma Binin, ƙasar da mutanenta ba su kai na Kano da Katsina a haɗe ba, ta daɗe tana cikin manyan masu sayen gumammiyar shinkafa daga Indiya da Tailan a duniya. Ƙasar da ba ta cin abu amma tana cika jirage da shi, ai biri ya yi kama da mutum.

A nan ya kamata a yi hattara da buhun kansa, domin shi ma yana ƙarya. Lokacin da kwastam suka matsa, an sha kama shinkafar waje da aka juye cikin buhunan kamfanonin gida don ta wuce shinge. Akwai kuma akasin haka, wanda ya fi ban dariya: shinkafar gida da aka gyara da kyau, a zuba ta a buhun waje, saboda mai saye ya riga ya sa a ransa cewa 'yar waje ce marar tsakuwa. Don haka rubutun jikin buhu ba hujja ba ne. Lissafin jiragen da ke tashi daga Indiya zuwa Kwatano da Lome shi ne hujja, shi kuwa ba ya sauya buhu.

Tambaya ta gaba: in dai Najeriya za ta zo, me ya hana ta sauka a Legas? Amsar tana cikin dokokinmu. A 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta kai harajin shigo da shinkafa kashi 110 cikin ɗari. Daga baya aka sassauta zuwa kashi 70 ga 'yan kasuwa, kashi 30 ga masu injinan casa da suka zuba jari a gida. A watan Yunin 2015 Babban Bankin Najeriya ya sa shinkafa cikin kayayyaki 41 da ba za a ba da dalar gwamnati don shigo da su ba. A watan Maris na 2016 kwastam suka haramta shigo da ita ta kan iyakokin ƙasa. A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ta rufe iyakokin gaba ɗaya, ba a fara buɗewa ba sai Disamban 2020, kuma ko da aka buɗe haramcin shinkafa na nan. Waɗannan matakai a haɗe sun rage jiragen shinkafa a Legas. Ba ɗaya da ya rage yawan masu cin ta. Abin da suka yi shi ne faɗaɗa tazarar da ke tsakanin kuɗin buhu a Maraɗi da kuɗinsa a Katsina, kuma a cikin wannan tazarar ɗan fasa-ƙwauri ke cin abinci, shi da duk wanda zai kau da kai ya bar shi ya wuce.

Akwai wani ɗan guntun lissafi da ake yawan mantawa da shi. Babur ko motar da ta tafi ɗauko shinkafa ba ta tafiya wayam. Shekaru da dama man fetur ɗin Najeriya, saboda tallafi, ya fi na Nijar arha nesa ba kusa ba. Jarkoki su fita, buhuna su shigo, riba ta fito ta fuska biyu, kuɗin jigila ya rabu gida biyu. Gwamnati ta san da wannan, shi ya sa a watan Nuwamban 2019 ta hana kai mai gidajen man da ke ƙasa da kilomita 20 daga iyaka, dokar da ta gasa wa mutanen Jibiya aya a hannu, har da waɗanda ba su taɓa ɗaukar ko mudu ɗaya ba.

Duk wannan ya bayyana hanya. Bai bayyana asalin arha ba. Ko an kauce wa haraji, ko man fetur ya biya rabin jigila, dole buhun ya baro gida da sauƙin kuɗi kafin ya jure wannan doguwar tafiya. Don haka sai an je Indiya.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ƙasar da ke ciyar da mu yau ta san yunwa fiye da mu. A 1943 yunwar yankin Bengal ta kashe miliyoyin mutane. A 1965 da 1966 damina ta gaza sau biyu a jere, Indiya ta rayu da alkamar agaji da jiragen Amurka ke kawowa. Wannan abin kunya ne ya tayar da shugabanninta. A 1965 aka kafa hukumar sayen hatsi ta ƙasa, wadda ake kira FCI. Aka shigo da gajeren irin alkama da Norman Borlaug ya samar a Meziko, masanin aikin gona M. S. Swaminathan ya jagoranci yaɗa shi. A 1966 cibiyar binciken shinkafa ta Filifin ta fitar da irin IR8, gajere mai shan taki ba ya kwanciya, Indiya ta rungume shi. Jihohin Punjab da Haryana ne suka fara. Sauran suka biyo baya.

Amma iri kaɗai ba ya cika rumbu, mu ma muna da irin FARO 44 mai kyau. Abin da ya bambanta shi ne abubuwan da aka ɗaura wa irin. Manomin Indiya na da lokacin noma biyu manya. Na farko shi ne na damina, da suke kira kharif, ana shuka a Yuni da Yuli: shinkafa, auduga, masara, gero, dawa, gyaɗa, waken soya. Na biyu shi ne na hunturu, rabi, ana shuka daga Oktoba a girbe a Maris da Afrilu: alkama, sha'ir da nau'o'in wake. Kusan rabin gonakin ƙasar ana yi musu ban-ruwa, ko ta madatsa ko ta rijiyar burtsatse. A Punjab da Telangana da wasu jihohi, wutar lantarkin da ke juya famfon manomi kyauta ce. Buhun takin yuriya mai kilo 45 gwamnati ta ƙayyade kuɗinsa, bai kai rufi 270 ba, wato ƙasa da dala 4, ita ke biyan kamfanoni cikon. A kwatanta da manomin Katsina da ke sayen nasa buhun dubun-dubatar naira, alhali a ƙasarsa ake yin yuriya, a Eleme da Lekki, har ana fitarwa waje.

Sai kuma mai saye. Tun kafin a yi shuka gwamnatin Indiya ke bayyana mafi ƙarancin farashin da za ta sayi amfanin gona sama da iri 20. Na samfarera a kakar 2024 rufi 2,300 ne kan kilo 100. Wani zai ce ai wannan tsada zai kawo, ba arha ba, kuma yana da gaskiya: farashin gwamnati ba ya sa shinkafa ta yi arha. Yawa yake sa ta yi. Manomin da ya san akwai mai saye ko da kasuwa ta faɗi ba ya tsoron ƙara gona. Rumbunan FCI su cika har su tumbatsa. Daga cikinsu ake raba wa mutane kusan miliyan 800 hatsi kyauta kowane wata, waɗanda da sun shiga kasuwa da sun ɗaga farashi. Abin da ya rage a hannun 'yan kasuwa sai ya nemi bakin teku. Tun da Indiya ta ɗage takunkumin fitar da shinkafa a 2011, ba a ɗauki lokaci ba ta ture Tailan daga matsayi na ɗaya. A 2022 ta fitar da tan miliyan 22, kimanin kashi 40 cikin ɗari na duk shinkafar da aka yi ciniki tsakanin ƙasashen duniya.

Me ya sa gumammiya ce musamman ke neman hanyar Afirka? Nan ma akwai dalili. Ba basmatin Punjab mai ƙamshi ba ce ke zuwa Jibiya, wannan ta ƙasashen Larabawa da Iran ce. Tamu daga gabas da kudu take fitowa, Chhattisgarh da Odisha da Andhra Pradesh da Telangana, galibi ta tashar Kakinada. A Telangana ana noman shinkafa sau biyu a shekara, kuma ta biyun tana nuna ne cikin tsananin zafi, in aka cashe ta haka nan sai ta farfashe. Dole sai an guma ta. Jihohin da ke cin gumammiya a Indiya ba su da yawa, har a 2021 FCI ta ce ba za ta ƙara sayen ta Telangana ba domin tana da jibgi. Rigima ta kaure, babban ministan jihar na lokacin, Chandrashekar Rao, ya je Delhi ya yi zaman dirshan a watan Afrilun 2022. Abin da ya yi musu yawa a can shi ne abin da tukunyarmu ke nema.

A ganina, inda ya fi kamata ɗalibin aikin gona ya tsaya shi ne injin casa. Matan Kura da suka gaji gumi sun iya sana'arsu. Amma icce ko buntu suke ƙonawa a ƙarƙashin durom, su shanya a kan tamfol a bakin titi, inda tsakuwa ke shiga, sannan a kai ƙaramin inji mai fasa ƙwaya. Daga buhun samfarera, shinkafar ce kusan kaɗai ke dawo da kuɗi. Babban injin Indiya kuwa ba ya zubar da komai. Buntun shi ke hura tukunyar tururin da ake gumi da busarwa, a wasu wuraren har lantarki yake bayarwa. Dusar a sayar wa kamfanonin da ke tatsar man girki daga cikinta, tunkuzar ta tafi abincin dabbobi. Gutsattsarin ƙwaya a tura Senegal, inda ita suka fi so, ko a ba masu kiwon kaji, ko masu yin sinadarin da ake gauraya wa fetur. In abu huɗu suka taru suka biya kuɗin buhun samfarera ɗaya, ƙwayar da ta fita lafiya ba sai ta ɗauki nauyin duka ba. Haka suke yi wa sauran amfanin gona: rake ya ba da sukari, tukarsa ta ba da wuta; audugar Gujarat da Maharashtra ta ba masaƙu zare, gurya ta ba da mai; ramar Bengal ta zama buhunan da ake zuba hatsin gwamnati. Manyan injinan da aka kafa a Kano da Argungu da Birnin Kebbi sun kama wannan hanyar, kuma shinkafarsu ba ta jin kunyar ta kowa. Matsalarsu ita ce tsadar samfarera da dizal, da watannin da suke zaune babu abin casa.

Arhar nan ba kyauta ba ce, akwai masu biya. Ruwan ƙarƙashin ƙasa a Punjab na ta yin nisa kowace shekara, hayaƙin ƙona tushiyar shinkafa na turnuƙe Delhi duk kaka, ƙananan manoma da yawa na cikin bashi. Daga ƙarshen 2020 manoma suka shafe shekara guda a bakin Delhi don tsoron kada sabbin dokoki su taɓa farashin gwamnati, sai da Firayim Minista Narendra Modi ya janye su a Nuwamban 2021. Wato wani ɓangare na kuɗin buhun da ake saye a Jibiya baitulmalin Indiya da rijiyoyinta ne suka riga suka biya.

Wanda ke son ganin ɗaya fuskar lissafin ba sai ya yi nisa ba. Dam ɗin Jibiya na nan a kan kogin Gada tun ƙarshen shekarun 1980, ƙarƙashin hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, an gina shi don ban-ruwan dubban hekta. Ƙasar wurin jigawa ce, ta fi dacewa da alkama da masara da wake da albasa fiye da shinkafa, amma darasin ɗaya ne. Yawancin filayen sai an tura musu ruwa da famfo, famfo kuwa sai da wuta ko dizal, kuma a nan aikin ya sha tsayawa. Ga ruwa kwance, ga gona, babu abin da zai haɗa su. A ƙara da 'yan bindigar da suka raba ƙauyukan yankin da gonakinsu na nesa. Shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015 ya ƙara yawan samfarera, har aka jera dalar shinkafa a Abuja a Janairun 2022. Rance dai ba ya zama magudanar ruwa.

In wannan bayani gaskiya ne, to ya kamata a ce in an taɓa guraben lissafin, farashi ya motsa. Shekarar 2023 ta taɓa su duka a cikin wata uku. Ranar 29 ga Mayu Bola Tinubu ya cire tallafin mai, ribar jarka ta ragu. A Yuni aka saki naira, sefa ta yi tsada a hannun 'yan canji. Ranar 20 ga Yuli Indiya ta hana fitar da farar shinkafa, a Agusta ta ɗora harajin kashi 20 kan gumammiya. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum, ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe Magama, aka toshe gadar Malanbil. Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris na 2024, amma Nijar ta ƙi buɗe wa Binin, kaya suka koma tsallaka kogi a kwale-kwale ko zagayawa ta Lome da Burkina Faso da rakiyar sojoji. Kuɗin buhu ya ninka har da ɗoriya, kuma 'yar gida ta bi 'yar waje sama, domin babu mai danne ta.

Daga nan lissafin ya juya. A Yulin 2024 gwamnatin Najeriya ta ba da wa'adin kwana 150 na shigo da wasu hatsi ba haraji, ciki har da shinkafar da ba a gama gyarawa ba. A Satumba da Oktoba Indiya, da rumbunanta suka sake cika, ta ɗage haramcin kuma ta soke harajin gumammiya. Farashin duniya ya rikito. Zuwa 2025 magidanta a Katsina da Kano suka fara samun sauƙin buhu, masu injinan casa suka fara kukan ba sa iya gogayya, wasu suka rage aiki, manoman Kura da Haɗejiya kuma suka ce kuɗin da ake taya samfarerarsu ba ya mayar da na taki da man ban-ruwa.